Ta ƙofar na'ura baƙo ke kutsawa

Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar wasu kwamfutocin manhaja a cikinta, kowace tana zaton ita kaɗai ce. Masu sana'ar suna ce musu baƙi, babbar kuwa mai masauki. Tun 2007 da KVM, mai ɗaukar waɗannan baƙi, ya shiga kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, katangar da ke tsakaninsu ta fi tsagewa ne ta wajen na'urori, irin su katin sadarwa da faifai.

Da fari kwaikwayo ake yi, shirin QEMU ya siffanta wa baƙo na'urar da babu ita. A 2015 Jason Geffner na CrowdStrike ya tono VENOM a kwaikwayon na'urar faifan filofi, kuskuren da ke kwance tun 2004. Filofi fa, da aka daɗe da mantawa da shi! Baƙo zai yi ta tura bayanai har ma'ajiyar ta cika ta malala, ya samu mafita. Abin takaici, a wancan lokacin, a QEMU da Xen (wani tsarin ɗaukar baƙi) ko an kashe filofin, ɓarakar tana nan.

Duk da haka, QEMU a wajen kanel yake, ana iya killace shi. Neman sauri ne ya sa a 2010 aka shigar da aikin sadarwa cikin kanel da sunan vhost-net, kuma a ganina nan hatsarin ya ninku. A 2019 masu binciken Tencent suka nuna cewa ta wannan ƙofa baƙo na iya lalata ma'ajiyar kanel ɗin mai masauki daidai lokacin da ake yi masa ƙaura zuwa wata kwamfuta. Wanda ya kai nan, sauran baƙin duk suna hannunsa.

Akwai kuma miƙa wa baƙo na'urar gaske, wadda ke rubutu a ma'ajiya kai tsaye, sai IOMMU, mai gadin ma'ajiyar, ya taka mata birki. A 2011 Rafal Wojtczuk da Joanna Rutkowska suka nuna yadda baƙo zai sa na'ura ta aika saƙon katsewa na jabu, ya tsallake VT-d, wato IOMMU na Intel. VFIO, tsarin miƙa na'ura na Linux wanda Alex Williamson ya kawo a 2012, ba ya miƙa na'ura idan babu kariyar tace waɗannan saƙonni, sai mai kula ya tilasta masa.

Wata mafita ita ce rage ƙofofin: da Amazon ta fitar da Firecracker, madadin QEMU, a 2018, da harshen Rust aka rubuta shi, na'urori 'yan ƙalilan kawai aka bar wa baƙo.