Daga Tanda Zuwa Bakin Teku: Tarihin Hanyar Kurmi

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka yanke gero aka ɗaure dammuna, aka zuba shinkafa a buhu, sai ka ga gari ya fara raguwa. Samari sun rataya jaka sun nufi kudu. Wasu su ce Kwatano za su, wasu Lome, wasu Ankara. Mu a nan duka "kurmi" muke cewa. Wannan hanya ba yau aka fara bin ta ba. Yau za mu bi ta tare, gari gari, mu ji abin da ya faru a kowane wuri.

Mu ƙaddara wani magidanci ne a Tanda ya sayar da shinkafarsa. Ya ce wa maiɗakinsa ta shirya, su je su gano ɗansu da ke neman kuɗi a Ankara. Ita ba ta taɓa ganin teku ba. To, mu bi bayansu.

Zamanin fatake

Kafin su shiga mota, bari mu koma baya. Shekara 200 da suka wuce, fatake ke da wannan hanya. Suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato, su nufi Gwanja sayen goro. Babbar kasuwar goro ita ce Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yau. Ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta nan yankinmu take ƙetare Kwara, wajen Illo da Gaya. Daga nan sai Kandi, sai Jugu, sai Sansanin Mango, sai Yandi, sai Salaga.

Ayari ɗaya yakan tara ɗaruruwan mutane da jakuna. Suna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi da gabu. Gishirinmu na Foga shi ma kudu ake kai shi. Shugaban ayari shi ne madugu. Shi ya san rijiyoyi da mashigai, shi ke magana da sarakuna, shi ke daidaita kuɗin fito da garama. Akwai jagaba mai shiga gaba, akwai malamin ayari mai riƙe da lissafi. Mata ma suna cikin tafiyar. Suna dafa abinci, suna ɗaukar kaya, suna ɗan cinikinsu. Bayan damina ake tashi, don lokacin hanya ta bushe, ga kuma abinci a garuruwa. Zuwa da komowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara.

Saboda irin wannan fatauci ne harshen Dandi ya zauna a kasuwannin Kandi da Faraku da Jugu. Mutumin Tanda in ya sauka can, ba ya rasa mai jin maganarsa.

A da, Sarkin Asante ba ya barin fatake su zarce zuwa kurmi. A 1874 sojan Ingila suka ƙone Kumasi, ƙarfin Asante ya ragu, fatake suka fara gangarawa har bakin teku. A 1892 yaƙin gida ya watsa Salaga. Daga baya sai aka riƙa zuba goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka yi arziki da wannan sabuwar hanya. Da haka ayarin jakuna ya mutu sannu a hankali.

Gada da jirgin ƙasa

Daga Tanda, matafiyanmu sun iso Gaya. Tsallaken ruwa ga Malanbil, garin da Faransawa suka sa wa sunan wani gwamnansu na Dahome, wai shi Malan. Da, sai da jirgin fito ake ƙetarewa. A 1958 aka gama gada tsakanin garuruwan biyu. Ita ce gada ta fari da aka yi bisa Kwara a ƙasarmu. Ta Yamai sai a 1970 aka buɗe ta.

Daga Malanbil zuwa Faraku kimanin kilomita 320 ne. A Faraku hanyar jirgin ƙasa ta tsaya. Faransawa sun faro ta daga Kwatano, ta iso Faraku a 1936, tsawonta kilomita 438. Ba su kai ta bakin Kwara ba. Don haka a shekarun 1950 manyan motoci ke kwaso gyaɗar Maraɗi, su bi ta Dosso da Gaya, su sauke a Faraku, jirgi ya kai ta teku. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa kamfani ɗaya na haɗin gwiwa don wannan aiki. A 1975 Dahome ta sake suna ta koma Benin. Jirgin fasinja ya daina tafiya a shekarun 2000, sai mota ta karɓi hanya.

Idan aka wuce Faraku, ƙasa sai ta fara sakewa. Kuka tana raguwa, doya da rogo da kwakwar manja suna ƙaruwa. Ga wani abin mamaki. Sun baro gida damina ta ɗauke, amma a kurmi suka tarar ana ruwa. Dalili kuwa, bakin teku damina biyu gare shi. Babba tana yi daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba.

Kwatano

Bayan tafiyar kilomita fiye da 700 daga Malanbil, sai ga Kwatano. Da can ɗan ƙauyen masunta ne. A shekarun 1890 Faransawa suka gina wata doguwar gadar ƙarfe ta shiga cikin teku. Manyan jirage sai su tsaya nesa, ƙananan jirage su riƙa kai kaya suna kawowa. A 1965 aka buɗe babbar tashar jiragen ruwa, inda jirgi ke matsowa har gaɓa.

Me ya haɗa mu da wannan tasha? Nijar ba ta da teku. Daga Yamai zuwa Kwatano kilomita 1,000 ne da ɗoriya, kuma ita ce tasha mafi kusa. Shekara da shekaru, yawancin shinkafar waje da sukari da magani da motocin da aka sayar a ƙasarmu ta nan suka shigo, suka bi ta gadar Gaya.

Matafiyanmu a unguwar Zango suka sauka. Nan suka sami masallaci da tuwo da masu jin Hausa da Zabarmanci. Da yamma suka je bakin teku. Matar ta tsaya tana kallo, can ta ce, "Maigida, ina ɗaya gaɓar?" Ya yi dariya ya ce, "Ai wannan ba Kwara ba ce. Wanda ya ratsa ruwan nan ya yi yamma, sai ƙasar Barazil."

Wida, garin hawaye

Daga Kwatano suka yi yamma, teku na hannun hagu. Kilomita 40 sai ga Wida. A nan ya kamata mu dakata, don akwai labari mai nauyi.

A 1727 Agaja, Sarkin Dahome, ya ci Wida da yaƙi. Garin ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bayi na duniya. Masana tarihi sun ce wajen mutum miliyan ɗaya aka zuba a jirage daga nan. Turawa ke saye, amma sarakuna da ƴan kasuwa baƙar fata ke kamowa suna sayarwa. Cikin waɗanda aka sayar akwai Hausawa da mutanen Bargu. A 1807 bayi Hausawa suka shirya tawaye a Bahiya, cikin Barazil.

Akwai wani ɗan Jugu, sunansa Mahamma Gardo Baƙwaƙwa. Dangin uwarsa Katsinawa ne. An kama shi yana saurayi, aka kawo shi bakin teku wajen Wida, aka kai shi Barazil wajejen 1845. A 1847 jirgin ubangidansa ya je birnin Niyok a Amurka, sai ya tsere. Ya shiga makaranta, kuma a 1854 aka buga labarinsa a littafi. Dubi wannan, mai karatu. Dubban dubbai sun bi ta Wida, sunayensu sun ɓace. Shi kuwa har yau ana karanta labarinsa, domin an rubuta.

A 1995 aka gina wata babbar ƙofa a bakin rairayin Wida don tunawa da su. Ana kiranta Ƙofar Ba Komowa.

Anaho da Lome

Suka wuce Garan Popo, suka shiga ƙasar Togo. Gari na fari shi ne Anaho. A 1884 Jamusawa suka kama wannan gaɓa. Hedikwatarsu tana wajen Anaho, sai a 1897 suka mai da ita Lome. Daga Kwatano zuwa Lome kimanin kilomita 150 ne, hanya duk itatuwan kwakwa da jiragen masunta.

Babbar kasuwar Lome ta yi suna da atamfa. A shekarun 1970 mata ne ke riƙe da cinikin. Sun yi arziki har suna hawan motar Mercedes Benz, aka sa masu suna Nana Benz. A nan uwargida ta kwance bakin zanenta ta sayi turmi biyu. Ba ta sha wahalar canji ba, don sefa ɗaya ce ke ci a Nijar da Benin da Togo.

Lome ma tana da zango. Da, a tsakiyar gari yake. A 1977 hukuma ta rushe shi, aka mai da mutanen bayan gari, wajen arewa. Wannan ya nuna maka zaman baƙo: kome daɗewarsa, ana iya cewa ya tashi.

Ankara

Lome a bakin iyakar Gana take. Kana fita gari sai Aflawo. Nan Faransanci ya ƙare, sai Ingilishi. Nan kuma sefa ta tsaya, sai sidi. Wanda bai iya lissafi ba, a hannun ƴan canji yake fara asara. Daga nan suka ƙetare kogin Bolta, suka wuce Tema, inda aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1962. Bayan kilomita wajen 190 daga Lome, sai Ankara.

Ingilishi sun mai da Ankara babban birni a 1877. Tun lokacin akwai Hausawa a garin, wasu tsofaffin soja, wasu fatake da malamai. Wajejen 1910 Malam Bako ya kafa Sabon Zango. Daga baya unguwar Nima ta tashi. A shekarun 1940 da 1950 samarin Nijar suka riƙa kwarara can bayan kaka. Suna dako a kasuwa da bakin jirgi, suna aikin gonar koko da haƙar zinari. Ana ce wa ƴan dako "kayakaya", daga kalmar Hausa ta kaya. Da damina ta kusa sai su komo da tufafi da keke da kuɗin haraji. A irin waɗannan unguwanni matafiyanmu suka sami ɗansu.

Ranakun da hanya ta rufe

Kada ka zaci hanyar kullum a buɗe take. A ƙarshen 1963 Nijar da Dahome suka yi rigima, har da batun tsibirin Lete da ke nan kusa da mu. Nijar ta kori ma'aikata ƴan Dahome, Dahome ta rufe iyaka ta tsare kayanmu a Kwatano. Maganar Lete ba ta ƙare ba sai a 2005, da kotun duniya ta ce na Nijar ne.

A Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su fita. Dubban ƴan Nijar suka sayar da kayansu a wulaƙance, suka yo gida. A 1983 Nijeriya ma ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya.

An kafa ƙungiyar CEDEAO a 1975. A 1979 ta yarda ɗan kowace ƙasa tata ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Amma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar Gaya. Motoci suka yi dogon layi, kaya suka yi tsada, mutane suka koma ga jirgin fito kamar zamanin kakanni. Kayan Nijar suka riƙa zagayowa daga Lome ta Burkina Faso. A 2024 Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ba ta buɗe nata ba a lokacin. A Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO.

Yau kai ne madugun kanka

To, me muka koya? A zamanin fatake mutum ɗaya ya san hanya, saura suna bin sa. Madugu ke magana, malamin ayari ke lissafi. Yau babu madugu. A kowane shinge kai za a tambaya, kai za a miƙa wa takarda.

Saboda haka, in za ku kurmi, ku tambayi hukuma halin da iyaka take ciki kafin ku tashi. Matambayi ba ya ɓata. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, miji da nasa, mata da nata. Ku yi allurar shawara, ku adana takardarta, sau ɗaya ta isa har tsawon rai. Ku rubuta sunan mai masaukinku da unguwarsa da lambar wayarsa. In kun biya kuɗi, ku nemi rasit, ku karanta abin da ke jiki. Kada maigida ya ce karatunsa ya ishe su su biyu. In aka rabu a tasha, ko ciwo ya kama shi, wa zai karanta allon mota?

Ga kuma aiki gare ku. A garinku ba a rasa dattijon da ya yi dako a Ankara, ko wanda korar 1969 ta koro. Ku je ku gaishe shi, ku tambaye shi shekarar da ya tafi, da garuruwan da ya bi, da abin da ya komo da shi. Ku rubuta, ku kawo aji mu karanta tare.