Gyaran tsofaffin hotunan iyali: Asalinsa, yadda ake yin sa da iyakar da bai kamata a ƙetare ba

Gyaran tsohon hoto sana'a ce ta dawo da kamannin hoton da ya yage, ya koɗe, ko ruwa da ƙwari suka ci, domin ya kusanci yadda yake ranar da aka wanke shi. A da aikin masu zane ne, da alƙalami da burushi da fenti. Daga baya ya koma kan kwamfuta, yanzu kuma manhajojin waya masu amfani da ƙirƙirarriyar basira suna yin sa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Wannan sauƙi ya sa mutane da yawa sun tono hotunan kakanninsu daga ƙasan akwati, amma ya zo da wata tambaya da masu adana kayan tarihi suka daɗe suna kokawa da ita: a ina gyara yake ƙarewa, ƙirƙira ta fara?

Tambayar ba ta masu zane kaɗai ba ce. Hoton iyali shaida ne. Shi ke nuna irin suturar da aka sa a wani zamani, da wanda ya halarci naɗin sarauta, da wanda ya tsaya kusa da wa a taron jam'iyya. Idan aka sauya shi, an sauya shaidar.

Asalin sana'ar

Hoto mafi daɗewa da ya tsira har yau shi ne wanda Bafaranshe Nicéphore Niépce ya ɗauka wajen 1826. A 1839 aka bayyana wa duniya dabarar Louis Daguerre a birnin Paris, kuma daga wannan shekara ake lissafin fara ɗaukar hoto a matsayin sana'a. Tun a shekarun 1840 masu zane suka fara shafa launi da hannu a kan hotunan baƙi da fari, suna jan kumatu, suna zinarta sarƙoƙi da zobba. Wato tun daga tushe, hoto da zane tare suka taso.

A Afirka ta Yamma ma haka abin ya kasance. Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905, shi ya ɗauki sanannen hoton Oba Ovonramwen na Benin a cikin jirgin ruwa bayan Turawan Ingila sun tumɓuke shi a 1897. Solomon Osagie Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Benin, ya buɗe situdiyonsa a 1942, kuma an san shi da ƙwarewa wajen shafa wa hotuna launi da hannu. Tarin ayyukansa yana gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington. A Bamako akwai Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a 1948, da Malick Sidibé, wanda ya samu babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007. A Yamai kuwa, Philippe Koudjina ya adana rayuwar matasan birnin ta shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai.

Labarin Keïta yana da darasi. A 1991 an nuna wasu hotunansa a wani baje koli a New York, aka rubuta a ƙarƙashinsu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Sai da wani mai binciken kayan fasaha, André Magnin, ya je Bamako da kwafin hotunan yana tambaya, sannan aka gano mutumin yana raye, kuma yana riƙe da dubban fina-finan da ya wanke hotunan daga cikinsu. Ba don ya adana asalin ba, da sunansa ya ɓata tare da aikinsa.

Kwamfuta ta shigo harkar ne bayan fitowar manhajar Photoshop a 1990, wadda 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, suka ƙirƙira. Daga nan aikin ya tashi daga taɓa takardar hoton ya koma gyara kwafinsa a allo.

Abin da ke lalata hoto

Hoton baƙi da fari ƙwayoyin azurfa ne ƙanana da ke zaune cikin wani siririn shafi na jelatin, sinadari mai kama da ƙaro da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. Jelatin na shan danshi, kuma abinci ne ga fumfuna da kyankyaso. Idan laimar iska ta haura kashi 65 cikin ɗari ta daɗe a haka, fumfuna na iya kama hoton. Idan kuma mai wankin hoto bai ɗauraye sinadarin wanki sosai ba, hoton na rikiɗa ya koma rawaya ko ruwan ƙasa bayan shekaru.

Hoto mai kala ya fi rauni, domin ba azurfa ba ce ke riƙe da siffarsa, rini ne kala uku da ke shimfiɗe bisa juna. Rinin ba ya koɗewa lokaci guda, shi ya sa hotunan biki na shekarun 1970 da 1980 da yawa suka koma jaja-jaja: launin da ke daidaita jan ya riga ya gudu.

Yanayin ƙasarmu bai sauƙaƙa wa hoto ba. Danshin damina na kumbura shi, bushewar hunturu na sa shi nannaɗewa da tsagewa, zafin bazara na hanzarta lalacewar rini, gara kuma ba ta barin takarda. Sai dai ɓarnar da ta fi yawa daga hannun masu shi take fitowa. Manna hoto da salatif na barin tabon da ba ya fita. Rufe shi da leda mai zafi, kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, aiki ne da ba a iya warwarewa, domin ledar na narkewa ta haɗe da fuskar hoton. Hoton da aka matse jikin gilashi a ɗaki mai laima yakan manne, ya zamana ba a raba su sai da ɓarna.

Yadda ƙwararru ke yi

Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne ceto takardar kanta: share ƙura da burushi mai laushi, raba hotunan da suka manne, busar da waɗanda suka jiƙe a inuwa, fuskarsu na kallon sama. Na biyu shi ne ɗaukar kwafi da na'urar sikana, yawanci a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci ga ƙananan hotuna, a ajiye kwafin farko ba tare da an taɓa shi ba, sannan a yi gyara a kan kwafi na biyu. Mai gyaran kan cike tsaga da launin da ke gefenta, ya daidaita haske, ya cire tabon ruwa. Inda wani yanki na fuska ya ɓace, sai ya nemi wani hoton mutumin daga dangi ya yi koyi da shi. A nan ne ƙwarewar zane ke aiki, domin sai wanda ya san yadda ƙashin fuska da inuwa ke tafiya ne zai haɗa rabin ido da ya rage da rabin da ya ɓace.

Manyan ayyukan ceton hotuna daga bala'o'i suka taso. Bayan guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, wasu 'yan jarida biyu masu ɗaukar hoto suka kafa ƙungiyar sa-kai ta Operation Photo Rescue a 2006, domin gyara wa mutane hotunansu kyauta. Bayan igiyar ruwan tsunami ta 11 ga Maris 2011 a Japan, masu aikin sa-kai sun wanke dubban ɗaruruwan hotunan da aka tsinto daga laka, aka baje su domin masu su ko magadansu su gane. Wannan ilimi ya shafe mu kai-tsaye, domin ambaliya irin wadda ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar ruwan Alau, ba ta bambanta katifa da akwatin takardu.

Inda gyara ke zama ƙarya

Masu gyaran zane-zane sun riga masu hoto fuskantar matsalar. Masanin Italiya Cesare Brandi ya koyar da cewa wurin da aka cike a tsohon zane ya kamata ya saje daga nesa, amma wanda ya matso kusa ya iya gane shi. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta tafi a kan wannan ra'ayi: a dakata da gyara daga inda zato ya fara. Abin da ke faruwa idan aka saɓa wa wannan ya bayyana a garin Borja na Sifaniya a 2012, inda wata dattijuwa ta yi niyyar gyara wani tsohon zanen bangon coci, ta ƙare da sauya fuskar gaba ɗaya.

Nata kuskure ne. Na gwamnatoci kuwa da gangan ne. A Tarayyar Sobiyet, bayan an kashe shugaban 'yan sandan ciki Nikolai Yezhov a 1940, masu gyaran hoto sun goge shi daga hoton da yake tafiya kusa da Stalin a bakin ruwa, suka cike gurbinsa da ruwa. Haka aka cire Trotsky daga hoton jawabin Lenin na 1920. Dabarar da ke cire tabo ita ce ke cire mutum.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira sun ƙara wa matsalar girma saboda yadda suke aiki. Ba sa gano abin da ya ɓace. Suna hasashe ne daga ɗimbin fuskokin da aka horar da su a kai, su zana wadda ta fi kama da gurbin. A watan Yunin 2020 an saka dusasshen hoton Barack Obama cikin wata manhaja mai suna PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke suka haɗa, sai ta fito da fuskar farar fata. A Afrilun 2021 kuma kafar Vice ta janye wani rahoto bayan hukumomin Kambodiya sun yi tir da shi, domin mai zanen da ya sanya launi a hotunan fursunonin kurkukun Tuol Sleng ya ƙara wa wasunsu murmushi. Waɗannan mutane ne da gwamnatin Khmer Rouge ta ɗauki hotunansu kafin ta kashe su, tsakanin 1975 da 1979.

Ga hoton Bahaushe ko Babarbare ko Bafulatani, haɗarin a fili yake. Manhaja na iya ɗaukar bille ko kalangu ko wata tsagar gado a matsayin karce ta share, alhali ita ce ke faɗin asalin mutum da garinsu. Tana iya haska fata, ta sirantar da hanci, ta sauya naɗin rawani, wanda a fada yake bambanta muƙami da muƙami. Launin da take bai wa babbar riga ko zani zato ne kawai. Sakamakon na iya yin kyau, amma ba lalle ne kakanka ba.

Akwai kuma hotunan da ba su taɓa wanzuwa ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana dabarar Daguerre, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma a 1837. Sarauniya Amina ta Zazzau ta riga su da ɗaruruwan shekaru. Duk abin da ake yaɗawa da sunan hotonsu, ko dai zanen mai zane ne, ko hoton wani mutum daban, ko ƙirƙirar na'ura.

Doka da haƙƙi

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a Maris 2023, ta bai wa hoto kariya ta shekara 50. Mallakar takardar hoto daban, mallakar haƙƙinsa daban, kuma a ƙa'ida ta gama-gari haƙƙin na wanda ya ɗauka ne, sai in akwai wata yarjejeniya. Haka nan, wanda ya loda hoton dangi a manhajar kyauta ya miƙa fuskokinsu ga rumbun wani kamfani da yawanci ba a ƙasar yake ba. Dokar kare bayanai ta Yunin 2023 ta tanadi haƙƙoƙi ga mutane kan bayanansu, amma karanta sharuɗɗan manhaja kafin a loda hoton wanda ke raye ya fi neman haƙƙi bayan an loda.

Abin da iyali za su iya yi

Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Makama a Kano, suna riƙe da wani ɓangare na tarihin Arewa, amma yawanci na sarakuna ne da gwamnatoci. Tarihin malamin zaure da ma'aikacin reluwe da ungozoma yana cikin akwatunan gidaje. Domin kare shi, a ajiye hotuna a wuri mai sanyi, busasshe, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo. A kama su ta gefe da hannu mai tsabta. A ɗauki kwafi kafin kowane gyara, a ajiye shi a wurare uku, ɗaya a wajen gidan. Idan an raba hoton da aka gyara, a faɗi cewa an gyara, a haɗa da na asali.

Aikin da ya fi gaggawa ba ya buƙatar na'ura. A zauna da dattawan gida tun suna raye, a tambaye su wane ne a hoton, a wane gari, a wace shekara, a rubuta a bayansa da fensir mai laushi, ba da biro ba. Takardar da ta yage ana iya gyara ta ko bayan shekara talatin, amma sunan da babu sauran mai tuna shi babu manhajar da za ta dawo da shi.