Wusasa, a Gindin Kufena

'Yata ce ta jawo wannan tafiya. Tana karatun Jiki Magayi a tsakar gida, sai ta juya bangon littafin ta ce, "Baba, wane irin Bahaushe ne kuma ake ce wa John Tafida?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga amsar ta fi ƙarfin zaman tabarma. Na ce mata ta bari sai Asabar, zan kai ta da 'yan'uwanta garin da mutumin ya fito.

Daga Kaduna zuwa Wusasa tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. In ka bar Kawo bayan sallar asuba, ka wuce Rigachikun da Mararrabar Jos da Jaji, kafin hantsi ya dubi ludayi ka iso Ɗanmagaji, bakin Zariya. Tun kafin nan za ka hango Kufena ta hannun hagu, baƙin dutse zaune shi kaɗai a fili. Wusasa tana gindinsa. Na zaɓi Asabar domin ranar Lahadi mutanen garin suna coci, bai kuma dace baƙo ya je yana leƙe-leƙe ana ibada ba. Na zaɓi kaka domin ruwa ya ɗauke, dutsen ba ya santsi, hazon hunturu kuma bai sauko ya rufe gari ba. Goran ruwa, takalmi mai kama ƙasa, da niyyar juyowa gida kafin magariba, iyakar shirin ke nan. Abu guda da ba na wasa da shi: a fara gaida manyan unguwa, a nemi yaron gari ya yi jagora. Dutse yana da masu shi.

Za mu fara da hawa, tun rana ba ta yi zafi ba, domin Kufena ta girmi Wusasa nesa ba kusa ba. Mutane sun zauna a kewayen dutsen nan tun kafin birnin Zariya ya zama yadda muka san shi, har yau kuma ana ganin ragowar ganuwar ƙasa da ta zagaye wurin. Masu ba da tarihin Zazzau suna cewa daga Turunku sarauta ta taso ta zo nan a zamanin Bakwa Turunku, wajen 1536, kuma 'yar Bakwa ce Amina. Wannan ɓangaren yarana sun haddace shi tun a firamare. Abin da ba a koya musu ba shi ne labarin garin da za su hango a ƙasa in sun kai sama: jajayen rufin kwano, makarantu, asibiti, da wani coci na ƙasa.

Labarin ya fara ne da wani likita Bature, Walter Miller, ɗan mishan ɗin CMS. Ya shigo ƙasar Hausa a 1900 cikin ayarin Bishop Tugwell, suka je Kano Sarki Alu ya sallame su. Ya zauna a Girku, daga baya a 1905 ya samu shiga cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta a Durumin Maigarke. Zaman bai yi daɗi ba. Sarki Aliyu ɗan Sidi bai so mishan a tsakiyar birnin Musulmi ba, Turawan mulki ma ba su so, don suna gudun abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Shekara da shekaru mutanen birni suna zuwa karɓar magani, amma 'yan kaɗan ne ƙwarai suka karɓi addinin Kirista.

A nan ne labarin ya haɗu da wani labari da ya girme shi, wanda ni kaina sai da na girma na ji. A Kano, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa har ya tara mabiya. Aka kira su Isawa. Hukuma ta ɗauki koyarwarsa a matsayin fita daga hanya, aka kashe shi a kasuwar Kurmi, mabiyansa suka watsu, wasu suka nufi duwatsun Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Miller a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suka yi gonaki, suka gina makaranta. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya shiga ƙauyen ya yi musu mummunar ɓarna. Duk lokacin da na tuna Gimi sai jikina ya yi sanyi: mutanen da kakanninsu suka tsere wa takobi, suka samu wurin da za su ce nasu ne, sai cuta ta cinye shi. Waɗanda suka rage suna cikin mutanen da suka zama tushen Wusasa.

A 1929 mishan ta bar cikin birni ta koma gindin Kufena, a filin da masarauta ta bayar, zamanin Sarki Ibrahim. Cocin St. Bartholomew da aka gina a lokacin shi ne abin da na fi so yarana su gani. Ginin ƙasa ne irin namu, da tubali da azara, da bakan gizo a ciki yana riƙe da rufi. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina, zai gane cewa sana'a ɗaya ce. In ka shiga daga zafin rana sai ka ji sanyi kamar ka shiga soron kakanka. A ganina ya kamata duk mai koyon zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a kawo shi nan ya zauna awa guda, ya ɗaga kai ya kalli rufin. Kusa da shi akwai asibitin St. Luke, wanda ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga ƙauyukan kewaye, Musulmi da Kirista. Miller kuwa, tare da abokan aikinsa Hausawa da Turawa, sun kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aka buga a 1932.

Garin ƙarami ne, amma ka dubi waɗanda suka fito daga wannan al'umma. Dakta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya kuma zama shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. Asibitin Barau Dikko da muke wucewa kullum a Kaduna sunansa ne, na kuma tabbata yawancin masu bin layi a can ba su san haka ba. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Arewa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa ya zo daga ƙasar Angas yana aikin bishara, a nan ya tashi yana yaro, shi ya sa Hausarsa ta Zazzagawa ce. Sai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗaya daga littattafai biyar da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933.

Ni Musulmi ne, yarana ma haka, kuma a Kaduna muke, garin da kogi ya raba mu gida biyu tun rikicin 2000. Yarana sun tashi suna jin cewa Bahaushe da Musulmi kalma ɗaya ce. Ina so su tsaya a ƙofar cocin nan wata tsohuwa ta ce musu "sannunku da zuwa, ina gajiya," da Hausar da ta fi tasu tsabta, su durƙusa su gaishe ta kamar yadda suke gaida kakarsu.

In mun sauko daga dutse za mu yi azahar a Ɗanmagaji, mu sha fura, sannan mu shiga gari. Na ce wa 'yar tawa ta sa littafin a jaka, ta zo da shi.