Hadarin Gummi da Guguwar Amurka: Uwa Ɗaya Ce

Jama'a, duk manomi a Anka, Gummi ko Bukkuyum ya san hadari daga gabas yake tasowa, ya zubar, ya wuce yamma. To ina yake zuwa?

Da damina, duk bayan kwana 3 zuwa 5 sai wani ayarin hadari ya ratso ƙasashen Sahel, ya bi ta Nijar da arewacin Najeriya da Mali, ya faɗa Tekun Atlantika ta wajen Senegal. Idan ya tarar da ruwan teku ya kai zafin digiri 26 zuwa 27, tururi sai ya riƙa tashi yana ciyar da shi, juyawar duniya kuma ta sa ya fara kewaya kamar ƙaramar guguwar bazara, sai dai faɗinsa ɗaruruwan kilomita ne. Mafi yawan manyan guguwar da ke afka wa Amurka haka aka haife su. Irma ta bar gaɓar Afirka ƙarshen Agustan 2017, ta sauka Florida ranar 10 ga Satumba.

Shi ya sa abin yake da lokaci. Agusta da Satumba teku ya gama ɗumama, mu kuma muna tsakiyar malka. Da hunturu kuwa ruwan ya huce, iska ta bushe, babu abin da zai ɗauke ta.

Tarihi ma ya shaida. Iyayenmu ba su manta farin 1973 da na 1983 zuwa 1984 ba, lokacin da gero ya ƙone a gona, shanu suka ƙare. A waɗannan shekarun manyan guguwa sun ragu a can. A 1983 huɗu kacal aka raɗa wa suna. A 1990 masanin yanayi William Gray ya nuna cewa idan damina ta yi ƙarfi a Sahel, manyan guguwa sukan ƙaru a gaɓar Amurka.

Ga abin da ke damuna. Su can sun san lokacinsu, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, suna shiri tun kafin ya zo. Mu ma mun san namu. Ambaliyar da ta rusa gidaje a Gummi a Agustan 2024 cikin malka ta zo, watan da kowa ya sani. NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Wa ke kai shi ƙauyukan bakin Gulbin Zamfara? Wa ke yashe magudanai tun bazara?

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da sharrinta.