Yadda ake hana ƙanƙara toshe hanyar mai a injin jirgin sama

Man jirgin sama dangin kananzir ne, kuma a kullum yana ɗauke da ɗan ruwan da ya narke a cikinsa, wanda ido ba ya gani. Nau'in man da jiragen fasinja suka fi sha, wato Jet A-1, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifili. Ruwan da ke cikinsa kuwa yakan zama ƙanƙara tun kafin a kai nan, ya manne a jikin bututan da ke kai mai injin.

Hatsarin Heathrow

A ranar 17 ga Janairu, 2008, jirgin British Airways ƙirar Boeing 777 da ya taso daga Beijing ya faɗi gab da titin sauka a filin jirgin Heathrow na Landan. Mutum 152 ne a ciki, kuma babu wanda ya rasu. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Birtaniya ta gano cewa ƙanƙara ta taru a bututan mai yayin doguwar tafiya cikin tsananin sanyi. Da aka buƙaci ƙarin ƙarfi dab da sauka, sai mai ya kwaso ta, ta toshe bakin na'urar musayar zafi a injinan biyu.

Hanyoyin kariya

Ta farko ita ce tace ruwa tun a ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka yakan kwanta a gindin tanki, ma'aikata su zuƙe shi ta wata kafa.

Ta biyu ita ce wannan na'ura ta musayar zafi, inda baƙin man injin mai zafi ke ɗumama man jirgi, shi kuma man jirgin ya sanyaya baƙin man. Bayan hatsarin, kamfanin Rolls-Royce ya sake fasalinta a injinan Trent 800, domin bakunan bututanta da suka ɗan fito waje su ne suka riƙe ƙanƙarar.

Ta uku ita ce sinadarin hana ƙanƙara da ake gaurayawa da mai, musamman a jiragen soja da ƙananan jirage.

Matuƙa kuma suna lura da ma'aunin sanyin mai. Idan ya yi ƙasa sosai, sukan sauko inda iska ta fi ɗumi ko su ƙara gudu.