Mayen: yadda yaro ke ƙetare aji a lakwal

Iyayen yara na Madarunfa, Ɗan Isa, Gabi da Safo, da ƴan uwa mazauna waje, ga bayani. A firamare, daga CI zuwa CM2, bisa 10 ake ba da maki. Galibi mayen 5 ake nema don yaro ya wuce gaba. A kwalej kuwa bisa 20 ne, ana neman 10. Wanda ya gaza yakan maimaita aji.

Kullum malam na kiran suna, yana rubuta masu fashi. Galibi a Oktoba ake komawa lakwal, daidai girbin gero. Yaron da aka riƙe a gona, karatu ya wuce shi.

Ku riƙa duba takardar maki kafin ku sa hannu. In akwai ƙorafi, a ga darakta ko kwamitin COGES.