Aikin Mutum Huɗu, Sunan Mutum Ɗaya

Na tabbata da yawa daga cikinmu sun taɓa ganin hoton nan na ƙasar Japan, ko a kalanda ko a bangon littafi: wata ƙatuwar igiyar ruwa ta taso kamar za ta haɗiye jiragen ruwa guda uku, can nesa kuma ga dutsen Fuji ya zama ɗan mitsitsi. Sunan da ke jikin hoton ɗaya ne, Hokusai, wanda aka haifa a birnin Edo (Tokyo ta yau) a 1760, ya rasu a 1849. An fitar da hoton wajen 1831, lokacin yana da shekara saba'in da 'yan kai. Abin da nake so in jawo hankalinmu gare shi a wannan maƙala shi ne, Hokusai bai sassaƙa katakon da aka buga hoton da shi ba, kuma ba shi ya buga ba.

Aikin yakan fara ne daga ɗan kasuwa mai buga littattafai da hotuna. A nan Nishimuraya Yohachi ne ya zuba kuɗi, ya ɗauki nauyin jerin hotunan dutsen Fuji guda 36, waɗanda da kasuwa ta yi kyau aka ƙara goma suka zama 46. Hokusai kuwa nasa shi ne ya zauna a ƙasa da buroshi da baƙar tawada, ya zana hoton a wata takarda marar kauri. An ce ɗakinsa kullum a hargitse yake, kuma ya sauya gida fiye da sau 90 a rayuwarsa. 'Yarsa Oi, wadda ita ma gwanar zane ce, ta zauna tare da shi a shekarun tsufansa.

To, daga nan sai zanen ya tafi wurin mai sassaƙa, kuma a ganina a nan labarin yake. Da safe zai ɗauko allon itacen ceri wanda ya bushe sarai aka goge shi sumul, ya shafa masa ƙullun shinkafa, ya kifa zanen a kai, fuskar tana kallon katako. Duk wanda ya taɓa yanka hatimi a jikin roba muna aji ɗaya ya san dalili: abin da aka yanka daidai, a juye yake fitowa. Sa'an nan ya riƙa murza bayan takardar da yatsa a hankali har layukan tawada su bayyana. Sai ya ɗauki 'yar wuƙa mai tsini ya bi gefen kowane layi, dama da hagu, ya ƙwaƙule duk wurin da babu zane, ya bar layin kaɗai a tsaye. Wato kafin ya gama, zanen da Hokusai ya yi da hannunsa ya zama ɓarɓashi a ƙasa. Babu wani na biyu da za a duba. In wuƙa ta zame a kan kumfar igiyar nan, ko dai a cusa wani guntun katako a sake yanka, ko kuskuren ya bi kowane hoto da za a buga.

Hokusai ya san hannun da makomar aikinsa take. A wasiƙun da ya rubuta wa masu buga littattafansa a tsakiyar shekarun 1830, ya nemi a ba wani mai sassaƙa, Egawa Tomekichi, aikinsa, ya kuma yi ƙorafi a kan masu yanka masa idanu da hanci irin na gidan Utagawa, ba irin nasa ba. Mu ma'aikatan gwamnati ba baƙon abu ba ne a wurinmu, wani ya kwana yana rubuta takarda, wani ya sa hannu da safe. Bambancin kawai, shi wannan mai sa hannun ya san darajar na ƙasa da shi har ya kira sunansa.

Allo ɗaya ba ya isa, domin kowane launi da nasa. A gefen kowane allo akan yanka 'yan alamomi biyu da ake kira kento, inda za a jingina gefen takarda don launi ya faɗa daidai gurbinsa.

Na huɗu shi ne mai bugawa, kuma ba shi da inji. Yakan jiƙa takardu tun kafin ya fara, su yi danshi. Ya zauna gaban allo, ya shafa launi da ɗan ƙullun shinkafa, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani abu mai suna baren, kamar ƙaramin faifai, igiya ce aka naɗe aka rufe da ɓawon gora. Ya ɗaga, ya ajiye, ya sake shafa launi, ya ɗauko ta gaba. Akan buga kimanin 200 a zubi ɗaya, sai an gama da launi guda a koma na gaba. Duhun nan da ke bayan dutsen Fuji, wanda yake washewa sannu a hankali zuwa sama, ba a katako yake ba. Mai bugawa ne yake yin sa da buroshi a kan allo kafin ya buga kowace takarda. Shuɗin kuwa sabon shiga ne a kasuwar Edo, an fara haɗa shi a Balin ta Jamus, 'yan kasuwar Sin da na Holan suka riƙa kawo shi. Ya fi baba da suka saba da shi ƙarfin launi, ga shi ba ya saurin koɗewa.

A lokacin, hoton ba kayan sarakuna ba ne. Kuɗinsa bai wuce na kwano biyu na taliya da ɗan wani abu ba. An yi ta bugawa har katakon ya fara cinyewa, layuka suka kakkarye, kuma da wannan ne masana suke gane bugun farko da na baya. Masu bincike a gidan tarihi na Birtaniya sun ƙiyasta an buga har kusan 8,000, waɗanda aka san suna nan kuwa ɗari ne da 'yan kai. A 2023 an sayar da guda a birnin New York a kan dala miliyan 2.76, kuma a 2024 Japan ta sa hoton a bayan sabuwar takardar kuɗinta ta yen 1,000. A jikin hoton kansa babu sunan wanda ya riƙe wuƙar, babu na wanda ya murza baren.